Wutsiyar .gal ta mutanen Galisiya: wa ya ba su, kuma me ta tsinana wa harshensu?

Sadiqu_Fagge
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, musamman ga masu harkar gina shafukan intanet. A iya sanina wutsiyar da ke ƙarshen adireshi iri biyu ce: ko dai ta kowa da kowa kamar .com da .org, ko ta ƙasa kamar .ng tamu, .ne ta Nijar, .gh ta Gana. To sai ga shi na ci karo da shafin gwamnatin wani yanki na Sifaniya mai suna Galisiya, adireshinsa xunta.gal. Ba .es ba, alhali yankin a cikin Sifaniya yake, ba shi da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba shi da fasfo nasa. Wa ya ba su? Kuɗi suka biya ko alfarma aka yi musu? Sannan abin da ya fi tsaya mini a rai, ta amfana wa harshen nasu wani abu, ko ado ce kawai?

Kwallo_Kawai
Galisiya ai yankin su Celta Vigo ne da Deportivo. Duk wanda ya kalli ƙwallo a 2004 bai manta daren da Depor ta zuba wa AC Milan 4 da nema a Riazor ba. Ashe har yare gare su na daban?

Injiniya_Bash
Wa alaikumus salam Sadiqu. Akwai kashi na uku da ka tsallake.

Wutsiya mai harafi biyu ta ƙasashe ce da yankunan da ke cikin jerin ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya. In babu sunanka a jerin, babu kai. Shi ya sa Galisiya ba ta da hanya ta nan. Lambar harshensu ta duniya gl ce, amma .gl ta Girinland ce tuntuni, .ga kuma ta Gabon. Daga harafi uku zuwa sama kuwa lamarin yana hannun ICANN, hukumar nan da ke Los Angeles mai kula da sunayen intanet tun 1998. A can ba a tambayarka ko kai ƙasa ne. Abin da ake dubawa shi ne wace ƙungiya ce za ta riƙe wutsiyar, tana da kuɗin riƙewa, tana da na'urorin da ba za su riƙa ɗaukewa ba dare da rana, kuma mutanen da take cewa tana magana da yawunsu sun yarda da ita.

'Yan Kataloniya, wani yankin Sifaniya mai harshensa, su ne suka fara ɓalle ƙofar. A 2005 ICANN ta amince musu da .cat, wadda ita ce ta farko da aka bayar saboda harshe da al'ada. Ganin haka sai 'yan Galisiya suka kafa tasu ƙungiyar a 2006, PuntoGal, suka shiga tara goyon bayan jama'a da ƙungiyoyi da jami'o'i, gwamnatin yankin ma ta mara musu baya. Sai da suka yi zaman jiran shekara shida, don ICANN ba ta sake buɗe karɓar takardu ba sai 2012. Kuɗin shigar da takarda kaɗai dala 185,000 ne, ban da na lauyoyi da na kamfanin da zai kula da na'urori. A Yunin 2013 takardarsu ta tsallake, ranar 25 ga Yuli 2014 shafin farko, dominio.gal, ya fara aiki, kuma da gangan suka zaɓi ranar don ita ce ranar ƙasa ta Galisiya. A Disambar shekarar aka buɗe wa kowa rajista.

A zagaye ɗaya suka fito da Baskawa masu .eus, da mutanen Biritani ta Faransa masu .bzh, da Sikotland mai .scot, da Wales mai .cymru da .wales. Ka ga ba alfarma ba ce. Layi suka bi, kuɗi suka biya.

Sadiqu_Fagge
Allah ya ƙara sani Injiniya. Rabin tambayar ya tafi. Saura rabi mai wuyar.

Ummi_Turaruka
Dala 185,000 saboda harafi uku? Inna lillahi. Da an ba marubutansu da malamansu wannan kuɗin ai da ya fi. Ni fa ban taɓa ganin mai saye ya tsaya duba ƙarshen adireshi ba. Hoto yake gani a Instagram, ya danno WhatsApp, ya tura kuɗi, shi ke nan.

DanZongo_Vigo
Sannunku 'yan uwa. Wannan magana ta zo gidana. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, amma a birnin Vigo na Galisiya nake aiki, a wani kamfanin daskarar da kifi kusa da tashar jiragen ruwa, iyalina ma suna nan.

Hajiya Ummi, a wajen ciniki gaskiyarki. Amma a nan .gal ba abin 'yan kasuwa ba ne da farko, abin hukuma ne, kuma ko ba ka so sai ka taɓa ta. Shafin makarantar 'yata a ƙarƙashin edu.xunta.gal yake. Ganin likita, sergas.gal. Garin nan ruwan sama ba ya sallama, don haka kafin a shanya kaya ko a fita da sassafe sai an leƙa meteogalicia.gal, matuƙan kwale-kwale kuwa kamar lazimi suka ɗauke shi. Jami'ar garin uvigo.gal, ta Santiyago usc.gal. In ka buɗe su da Galisiyanci suke fara tarbarka, in kana son Sifaniyanci sai ka danna wani ɗan maɓalli a sama.

Wani abu da na lura da shi. A wurin aikinmu matan da ke jere a bakin tebur suna feɗe kifi, yawancinsu daga ƙauyukan gaɓar ruwa suke zuwa, Galisiyanci suke yi tsakaninsu tun safe har a tashi, da shi suke faɗa, da shi suke tsokana. Amma da zarar wayar ɗaya ta yi ƙara, jikanta ne a layi, sai ka ji ta juya harshe zuwa Sifaniyanci. Tana ajiye waya ta koma inda ta tsaya. Kullum haka. 'Yata tana koyon Galisiyanci a aji, tana cin jarrabawarsa, amma a filin wasa ban taɓa jin ita da ƙawayenta sun yi shi ba.

Kwallo_Kawai
DanZongo kana zuwa Balaídos, filin Celta, kallon ɗan wasansu Aspas kuwa? Wannan ita ce tambayar.

DanZongo_Vigo
Ƙanina tikiti da tsada, a wurin mai shayi nake kallo kamar yadda kake yi a Kano.

Malama_Hadiza_BUK
Abin da ɗan uwanmu na Vigo ya gani da ido, alƙaluma ma sun nuna shi. Hukumar ƙididdiga ta Galisiya ta yi bincike a 2023, aka fitar da sakamakon a 2024. A karon farko waɗanda suka fi amfani da Sifaniyanci a yau da kullum sun zarce waɗanda suka fi amfani da Galisiyanci. Kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ba su iya harshen ba, ko kuma kaɗan suka iya. Wannan fa bayan .gal ta kusa shekara goma tana aiki. Don haka Sadiqu, in tambayarka ita ce ko wutsiyar ta tsayar da zaizayewar harshen, amsa a'a ce, kuma babu amfanin ɓoye hakan.

Sai dai ina ganin ba adalci ba ne a auna ta da wannan ma'aunin ba tare da an san inda suka fito ba. Harshen nan a ƙarni na 13 shi ne harshen waƙa a fadojin yankin, har Sarki Alfonso na 10 na Kastil, masarautar tsakiyar Sifaniya, da shi ake rubuta waƙoƙin fadarsa. Daga baya mulki ya tattare a Kastil, harshen ya fita daga takarda kusan ɗungurungum na tsawon ƙarni uku, su da kansu suna kiran lokacin ƙarnonin duhu. Ya zama harshen manomi da masunci, wanda in ka shiga ofis ko coci ko kotu sai ka ajiye shi a bakin ƙofa. Rosalía de Castro ce ta dawo da shi kan takarda da littafin waƙoƙinta na 1863, shi ya sa tun 1963 suke bikin adabinsu kowace 17 ga Mayu. Sai kuma Janar Franco, wanda abin mamaki ɗan Galisiya ne haifaffen Ferrol, ya mulki Sifaniya daga 1939 zuwa 1975, harshen ya sake komawa bayan gida, babu shi a makaranta, babu shi a hukuma. Sai a 1981 ya zama harshen hukuma tare da Sifaniyanci, 1983 aka yi dokar inganta shi, 1985 aka buɗe gidan talabijin.

Mutanen da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana nuna musu harshensu na gona ne, ciwonsu ba rashin iyawa ba ne, kunya ce. Kakar da ke juya harshe in jikanta ya kira, ba mantawa ta yi ba, tun tana yarinya aka sa mata a kai cewa wancan ne harshen ci gaba. Duk abin da zai sa harshen ya bayyana a inda ake ganin girma, jikin takardar jami'a, adireshin likita, katin ɗan majalisa, yana rage wannan kunyar ko da kaɗan ne. A nan nake ganin amfanin .gal, ba a ƙidayar masu magana ba.

Lauya_MK
Malama, da girmamawa, wannan bayanin ya yi daɗi amma ba ya aunuwa. Duk abin da aka kashe wa kuɗi ya kasa, sai a ce ai amfaninsa a zuci yake. Ni abin da na gani shi ne 'yan boko da 'yan siyasa sun samu abin yanka zare. Kamfani mafi girma da ya fito daga Galisiya shi ne Inditex mai Zara, hedkwatarsa a Arteixo kusa da Koruña. Ku duba adireshin Zara ku gani. .com ne. Mai neman kuɗi ya san inda kasuwa take.

Malama_Hadiza_BUK
Lauya, Zara duniya take sayar wa riga, ba 'yan Lugo da Ourense kaɗai ba. Ba don ita aka yi ba. Jaridun da ke fitowa da harshen zalla kamar praza.gal da nosdiario.gal, da cibiyar harshen academia.gal inda ƙamusunsu yake kyauta ga kowa, su ne masu gidan.

Abba_Coder
Ni tambayata daban ce. Na saurari labaran talabijin ɗinsu a YouTube, wallahi kamar Fotugisanci. Ba yare ɗaya ba ne aka raba don siyasa? In haka ne su yi amfani da .pt mana su huta.

Malama_Hadiza_BUK
Abba ka taɓo inda su kansu ba su daidaita ba. Tushensu ɗaya, a tsakiyar zamani harshe ɗaya ne, sai Fotugal ta zama masarauta mai cin gashin kanta, Galisiya ta zauna a ɓangaren Sifaniya. Yau cibiyar harshen da gwamnati suna ɗaukarsa harshe mai zaman kansa, ana rubuta shi da ƙa'idar da ta yi kusa da ta Sifaniyanci. Akwai kuma wasu tsiraru masu cewa reshen Fotugisanci ne, a rubuta shi yadda ɗan Lisbon da ɗan Barazil zai karanta ba wahala. Rigimar ta fi shekara 40. Abin da zai ba ka dariya, shafin waɗannan masu adawar ma pgl.gal ne. Ba su yarda da juna a kan harafi ba, amma wutsiya ɗaya suke amfani da ita. .pt kuwa ta ƙasar Fotugal ce, ɗan Galisiya ba ɗan Fotugal ba ne.

Dattijo_Gusau
Assalamu alaikum. Yara kun yi ta magana a kan kuɗi da gwamnati, akwai gefen da ba ku duba ba. Galisiya mutum wajen miliyan 2.7 ne a gida, amma talauci ya kori kakanninsu da yawa zuwa ƙetare tun ƙarni na 19, Kuba, Ajantina, Urugwai, Benezuwela, daga baya Suwizalan da Jamus. Lardunansu huɗu ne, amma suna yi wa Buenos Aires kirari da lardi na biyar. Har yau a Ajantina duk wanda ya fito daga Sifaniya "gallego" ake ce masa saboda yawansu. Cibiyar harshen da Malama ta ambata, wadda aka kafa a 1906, 'yan ci-ranin Havana ne suka tsaya tsayin daka har ta kafu, taken yankin ma a Havana aka fara rera shi a 1907.

To jikan wannan ɗan ci-ranin da ke da ƙungiya a Buenos Aires, .es ba ta bayyana shi, .ar ma ba ta bayyana shi. Wutsiyar ƙasa kamar lambar mota ce, tana faɗin inda aka yi rajista, ba ta faɗin wanda ke ciki. Ita .gal mutanen take bi, ba iyakar ƙasa ba. Ni wannan ne ya kama hankalina, don mu ma haka muke. Bahaushen Wad Madani da na Kumasi da na Garwa da na Maraɗi, kowa da wutsiyar ƙasarsa, babu wadda ta haɗa su.

Sadiqu_Fagge
Baba ka faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Me zai hana a samu .hausa? Mun ninka su yawa sau nawa?

Na_Damagaram
Sadiqu a hankali. Kafin a je ga kuɗi, wa zai riƙe? Ku mutanen Najeriya da an ce Hausa sai ku ɗauka Kano ake nufi. Su 'yan Galisiya gwamnati ɗaya gare su a Santiyago, majalisa ɗaya, cibiyar harshe ɗaya da kowa ya san in ta yanke hukunci a kan rubutu makarantu za su bi. Mu fa? Ko a rubutu ba mu gama shiryawa ba, mu a lakwal ƴ aka koya mana, ku kuna rubuta 'y. In an kafa ƙungiyar a Kano, mu 'yan kallo ne. In an kafa a Yamai, ku ba za ku zo ba. Sannan ranar da Abuja da Yamai suka yi faɗa aka rufe iyaka kamar yadda aka yi a 2023, asusun ƙungiyar a wane banki yake?

Kwallo_Kawai
A kai hedkwatar Daura kowa ya huta.

Na_Damagaram
Ka ji ko. Tun ba a fara ba an kai ta Najeriya.

Lauya_MK
Bari in ƙara muku wani abin da masu sha'awar nan ba sa faɗa. Ranar 20 ga Satumba 2017, ana saura kwana kaɗan a yi ƙuri'ar raba gardamar ɓallewar Kataloniya, jami'an tsaron Sifaniya sun shiga ofishin gidauniyar da ke riƙe da .cat a Barcelona, suka tafi da babban jami'insu na fasaha, kotu kuma ta umarci a toshe shafukan da ke tallata ƙuri'ar. Wato wutsiyar taka ce a suna, amma ofishin yana cikin ƙasar wani, ƙarƙashin alƙalin wani. Galisiya ba ta shiga irin wannan ba saboda siyasarta ba ta kai zafin ta Kataloniya ba, jam'iyyar PP mai ra'ayin haɗin kan Sifaniya ce ma ke mulkin yankin tun 2009, kuma a zamaninta aka ƙaddamar da .gal. Yanzu ku kawo wannan Najeriya, inda komai sai an karanta shi da tabaran ƙabilanci. Ranar da aka ce .hausa, washegari jaridun Legas za su ce Arewa ta fara shirin ɓallewa.

Hafsat_Zariya
Lauya kai dai komai sai ka hango masa kotu. Ana bikin Ranar Hausa duk 26 ga Agusta tun 2015, ƙasar ta rabe?

Injiniya_Bash
Bari in sa lissafi a cikin maganar, don zumuɗi ya fara yawa.

Samun wutsiya daban, ciyar da ita daban. Duk mai riƙe da irin wannan yana biyan ICANN sama da dala 25,000 a shekara ko ya sayar da suna ko bai sayar ba. Ga kuɗin masu kula da na'urori, ga ma'aikata, ga talla. .cat ta haura suna 100,000, tana iya ɗaukar kanta. .gal kuwa 'yan dubbai ne. In masu saye kaɗan ne dole farashin kowane suna ya hau, shi ya sa rajistar .gal ta fi ta .com da ta .es tsada. Mai ƙaramin shago a Pontevedra da zai biya daga aljihunsa, sai in yana da kishin abin zai zaɓe ta. Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa Google na fifita irin waɗannan, kamfanin da kansa ya ce daidai yake ɗaukarsu da .com.

Sannan ba kowa ake ba wa sakaka ba. Sharaɗin shi ne shafin ya kasance yana amfani da harshen, ko yana hidima ga al'adar, ko yana da alaƙa ta gaskiya da al'ummar. Wannan sharaɗin shi ne darajarta, don in ka ga .gal ka san abin da za ka tarar. Shi ne kuma yake hana ta yawa. Amfani ɗaya da ni mai gina shafi nake gani ƙarara: gajerun sunaye masu kyau da aka cinye a .com tun shekarun 1990, a can suna nan zube.

Game da mu, a zagayen 2012 takardu 1,930 aka shigar daga duk duniya, 17 kacal daga Afirka. Abin da ya fito na jama'a shi ne .africa, wadda shari'a ta riƙe har 2017, sai .joburg da .capetown da .durban. Babu ta wani harshen Afirka ko ɗaya. Wani kamfanin Turawa ma ya nemi .zulu a lokacin, gwamnatoci suka ɗaga yatsa a kai, maganar ta mutu. Ku lura, ba Zulu ne suka nema ba.

Hafsat_Zariya
To wannan na ƙarshen ai shi ne hujjar a nema. In ba ka tashi ba wani zai yi rajistar sunanka ya dawo yana sayar maka.

Ummi_Turaruka
Ku dai kuna ta manyan magana. Ni na taɓa biyan wani yaro ya buɗe mini shafi, ya yi rajista da imel ɗinsa a wani kamfani. Shekara ta zagayo ba wanda ya tuna mini, sunan ya faɗi, na wayi gari adireshin da na buga a jikin kwalabe da ledoji yana kai mutane shafin caca. Na kira yaron, ya tafi bautar ƙasa, layin ma ya canza. Ledojin nan haka na zauna da almakashi ina yanke gindinsu. Mutanen da ba mu iya sabunta suna ɗaya ba, mu ne za mu riƙe wutsiya sukutum?

Abba_Coder
Hajiya wannan laifin yaron ne ba na Hausawa ba. Gobe ki sa a yi da imel ɗinki, ki kunna sabuntawa ta kai tsaye.

Dattijo_Gusau
'Yata Ummi ta fi ku kusa da gaskiya. Su waɗancan da suka samu wutsiyar, washegari akwai abin ɗorawa a kai: ƙamus, jami'o'i uku, talabijin, rediyo, jaridu, ofisoshin gwamnati da doka ta tilasta musu aiki da harshen. Mu Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka fara ta, ina rumbunta a intanet da ɗalibi zai buɗe ya karanta? Wace ma'aikata ce a jihohinmu take da shafi da Hausa, alhali mai zuwa ofishin da mai zaman ofishin duk da Hausa suke magana?

Malama_Hadiza_BUK
Allah ya ƙara girma Baba. Shi ya sa nake cewa matsalarmu da tasu kishiyoyi ne. Su suna da takarda da doka da adireshi, bakin yara ne ke kuɓuce musu. Mu bakin yara cike yake, har waɗanda ba Hausawa ba suna ɗauka a kasuwa, takardar ce babu. Maganin da aka haɗa don ciwonsu ba lallai ya dace da namu ba.

Lauya_MK
Kin dawo kan maganata ke nan Malama. Maganin bai yi musu aiki ba.

Malama_Hadiza_BUK
Ban dawo ba. Na ce bai warkar da ciwon yara ba, kuma babu wanda ya kafa shi don haka. Wannan aikin gida ne da makaranta, kuma a can ma ana ta rigima a kan dokar 2010 da ta rage yawan darussan da ake koyarwa da harshen, har ta sa lissafi ya koma Sifaniyanci. In kana neman inda aka yi asara, can za ka duba.

DanZongo_Vigo
Wannan gaskiya ne, littafin lissafin 'yata da Sifaniyanci yake, na sanin muhalli da Galisiyanci. Amma Lauya, in ƙara maka wani abu. Akwai wani abokin aikina matashi, ɗan wajen Cangas, da ke da ƙungiyar masu busa algaitarsu ta gargajiya, gaita suke ce mata, mai jakar iska a hammata. Da suka buga 'yan takardun talla ya nuna mini adireshin, ya sa yatsa a kan .gal ɗin. Na ce masa ba ta fi tsada ba? Ya ce ta fi, kuma su biyar suka haɗa kuɗin. Wannan ba ɗan siyasa ba ne, kwalin kifi yake ɗauka kamar ni.

Lauya_MK
Mutum biyar da algaita ba su ne alƙaluma ba, ɗan uwa.

Na_Damagaram
Injiniya, tambaya ta fasaha. A ce ma an samu, za a iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunan? Don in shafin ƙasa zai koma kasa, ni ban ga abin da aka gyara ba.

Injiniya_Bash
Ana iyawa. Tsarin yana nan tuntuni, shi ne ake rubuta adireshi da Larabci da Sinanci. A ɓoye na'ura tana mayar da sunan wasu haruffa masu farawa da xn--, kai kuma kana ganin naka daidai. Amma mai riƙe da wutsiyar ne yake yanke waɗanne haruffa zai karɓa, kuma a gaskiya wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na ji yau ta samun tamu. Matsalar tana wajen imel da fom-fom na banki da na makarantu, da yawansu suna ganin harafin da ba su sani ba sai su ce adireshin ba daidai ba ne. Ga kuma wanda allon wayarsa ba shi da ƙ, dole ka sayi sunan iri biyu ka haɗe su, kuɗi ya ninku.

Sadiqu_Fagge
To ni yanzu na rasa gefen da zan tsaya. Injiniya, ICANN za ta sake buɗewa ne, ko 2012 ce ta ƙarshe?

Injiniya_Bash
An tsara sabon zagaye a 2026, kuɗin takarda ya haura dala 200,000, sai dai a 2025 an yi shirin rangwame ga ƙungiyoyin da ba na riba ba daga ƙasashe masu tasowa. Amma ƙungiya mai rajista suke so su gani, da asusu, da wasiƙun goyon baya, ba zauren WhatsApp ba.

Na_Damagaram
Wasiƙun goyon baya daga wa? Har yanzu ba wanda ya amsa mini wannan.

Hafsat_Zariya
Daga sassan Hausa na jami'o'i mana, Bayero, Ahmadu Bello, Danfodiyo, da taku ta Abdou Moumouni a Yamai. In waɗannan huɗun suka sa hannu a takarda ɗaya wa zai ce ba su isa ba?

Lauya_MK
Ki fara haɗa su a ɗaki ɗaya tukuna, ki ga wa zai yarda wani ya zama shugaba.